Jelani Mai Duba Wuta

Jelani yana tsaye a kan benci, ya gama goge ƙwan fitila na farko ya kama na biyu, sai ya ji takun Alhaji Abdulwahab a tsakar masana'anta. Bai waiwaya ba. Ya huro wa ƙwan tururin bakinsa, ya murza shi cikin tsumma a hankali kamar mai share wa jinjiri ido. Ƙwai uku ne jere a bangon ɗakin wuta, irin na dā masu zare a ciki, kowanne da ɗigon fenti a wuyansa, ja da rawaya da shuɗi. Kowanne yana kan ɗaya daga layuka uku da ke kawo lantarki cikin injin casar shinkafar. Garin buntu ba ya ƙyale komai a gidan nan, shi ya sa kowace safiya sai Jelani ya hau ya goge su kafin a tada inji.

Takun ya iso bakin ƙofa. Jelani ya gyara murya, amsa tana bisa harshensa: shuɗi ya ɗan yi sanyi yau, a dakata sai hantsi.

"Jelani, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Alhaji."

"Madalla."

Shi ke nan. Alhaji ya wuce ofis, kansa sunkuye a kan waya. Jelani ya haɗiye amsarsa, ya kama ƙwai na uku. Wata huɗu ke nan yana haɗiye ta kowace safiya.

Shekara goma sha tara gaisuwar nan tana da jela. Alhaji zai dafa ƙyauren ɗakin ya ce, "To, yaya wutarmu?" Jelani kuma sai ya ɗaga kai ya dubi ƙwayayen, ya ɗan ja lokaci don maganar ta yi nauyi, sannan ya yanke hukunci. In ya ce a tada, a tada. In ya ce a jira, ko mota biyar ce ta shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a ƙofa sai ta jira. Mutum talatin ke ci a masana'antar, kuma ba mai taɓa makunni sai da izinin wannan siririn mutumin mai karkataccen hannu.

A ƙauyen Fagada aka haife shi, gidan manoma gero da albasa. Cikin 'ya'yan gidan shi ne wanda fartanya ba ta zauna masa a hannu ba. Da ya ji ƙugin mota a kan hanya sai ya miƙe tsaye cikin kunya yana saurare har ƙarar ta mutu, babansa yana masa tsawa daga bakin gona. Yana da shekara goma sha bakwai ya tafi Maiyama wurin wani mai injin niƙa, irin mai shan gas ɗin nan da ake tadawa da hannu. A nan bel ya fizge masa hannun dama wata ranar kasuwa. Aka kai shi Aliero wurin masu ɗori, ya yi kwana arba'in da karare ɗaure a dantse. Hannun ya kama, amma da ɗan baka-baka. Ranar da aka kwance shi bai koma Fagada ba, Maiyama ya koma, ya ɗora hannun nan a kan injin da ya karya shi, ya tsaya yana jin bugunsa.

Da Alhaji Abdulwahab ya buɗe injin casa mai aiki da lantarki a Jega, shi ya nemo Jelani. A shekarar farko aka yi ɓarna. Layi ɗaya ya faɗi da tsakar rana ba wanda ya sani, babban injin ya ci gaba da ja da biyu har kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ya ƙone. Jelani bai taɓa mance warin ba. Mako uku gidan yana tsaye, manoma suna kwashe buhunansu suna kaiwa wani wuri. Ba wanda ya ce laifinsa ne, shi ya ce wa kansa. Da aka gyara, sai ya sayo ƙwai uku ya rataya, ya ɗauko benci ya zauna a gabansu.

Ya zauna har ya iya yarensu. Wuta lafiyayya tana da hasken gero da ya nuna. In ta fara rauni sai ta koma launin ɓawon albasa, in ta kusa faɗuwa zaren ya fito fili, ja kamar garwashin da aka mance a murhu. Akwai wata 'yar rawa da ƙwan yake yi kafin layi ya yanke, wadda ba kowane ido ke kama ta ba. Jelani yana ganinta sai ya kashe inji, kafin ma'aikata su gama tambayar dalili wutar ta tafi. Tun daga shekarar nan ba a sake ƙona kwayil a gidan Alhaji ba. Labari ya bi unguwa. Mai walda na bakin titi da mai ƙanƙara na unguwar Jega Magaji, har masu injin Maiyama, sai su bugo waya: "Mi ƙwan Jelani ya ce?" Da fararen ƙwayayen zamani suka cika kasuwa, waɗanda haskensu ɗaya ne ko wuta tana da rai ko tana shure-shure, Jelani ya shiga mota har Sakkwato ya kwaso kwali guda na tsofaffin, ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa Iklima takan ce ko zannuwan aurenta ba su sami irin wannan ajiya ba.

Sai ga mita.

Wata injiniya ce ta kawo ta, Wasila, 'yar Aliero, a jami'ar garin ta yi karatu. Ta zo da jakar kayan aiki da dogon hijabi, ta durƙusa ta gaishe shi tun kafin a gaya mata ko shi wane ne. Jelani ya zauna a bencinsa yana kallonta tana zura wa manyan wayoyi wasu baƙaƙen zobba kamar mai sa wa amarya awarwaro. Ta huda ƙyauren akwatin wuta, a bangon da ke fuskantar ƙwayayensa, ta dasa wani abu da bai fi tafin hannu biyu ba. Da ta kunna, jajayen lambobi suka fito sahu uku, suna ɗan motsi kamar masu numfashi.

"Baba, wa ya yi wanga aiki?" ta tambaya, tana nuna ƙwayayen.

"Wani marar aikin yi."

"Wallahi mai basira ne. Abin da mitar ga za ta yi ke nan, sai dai ita da lamba take magana. Sahu na sama ja, na tsakiya rawaya, na ƙasa shuɗi. In layi ya faɗi za ta yi kuka. Kuma duk abin da ta gani tana aika ma Alhaji a waya, ko Makka yake."

"Ko Makka," in ji Jelani.

Ya so ƙwarai ya ji haushin yarinyar nan, abin ya ƙi. Ta yi masa ladabi, ta ce kada a cire ƙwayayen, da za ta tafi ta bar masa goro. Haushin ya rasa masauki, sai ya tattaru gaba ɗaya ya sauka kan mitar.

Ba a rage masa komai ba, ba a kore shi ba, benci yana nan, mabuɗin ɗaki yana aljihunsa. Da an kore shi ma da ya sami abin faɗa. Abin da aka ɗauke ba shi da sunan da zai kai ƙara a kansa. Surajo, mai kula da babban inji, wanda dā yakan tsaya a ƙofa hannu a baya yana jira, yanzu sai ya leƙo kai ya wuce ta gefen kafaɗar Jelani da ido, ya ce, "Ɗari biyu da ashirin, mu je!" Wayar Jelani ta daina ƙara da safe, mai walda ya koma kiran Alhaji kai tsaye. Rannan kuma da idonsa ya ga Alhaji ya shigo, ya zaro farin hankici daga aljihun babbar riga, ya goge fuskar mitar, ya ja da baya ya karkata kai yana murmushi. Shekara goma sha tara Alhaji bai taɓa kai yatsa kan ƙwai ko ɗaya ba.

Ranar nan, da ya koma gida cin abincin rana, bai iya gama tuwonsa ba.

"Malam, miya ce ba ta yi ba?" in ji Iklima.

"Hankici, Iklima. Hwarin hankici."

"Na wa?"

Ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kama dariya har ta dafa ƙasa.

"Yanzu kai da hurhura a gemu, gaba kake da kwalin roba? To in so kake a goge ma huska da hankici, kawo ta nan, ni ina da tsumma."

"Ke ba ki san abin ba."

"Na sani mana. Tun Maiyama na sani. Kai in ba a tambaye ka ba, ko nama aka ba ka ba ka jin gishiri."

Ya tashi ya wanke hannu, ya san ta faɗi daidai.

A wata na biyar Allah ya ba shi abin da yake roƙo a ɓoye. Ya buɗe ɗaki da safe ya tarar da fuskar mitar baƙi ƙirin, ƙwayayensa kuwa suna ci tar. Ya tsaya a gabanta ya daɗe. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda mutum ke jin kunyarsa amma ba ya son ya wuce. Ya hau benci ya goge ƙwai sau biyu-biyu, ya gyara hula, ya zauna yana jira.

Alhaji ya zo da sauri, waya a hannu. Ya dubi mitar, ya dubi wayar, ya juyo ya dubi Jelani. Bakinsa ya buɗe. Jelani har ya ɗaga kai sama wajen ƙwayayen.

"Jelani, ba dai taɓa ta ka yi ba?"

Can waje wata kurciya tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa.

"Ban taɓa ta ba, Alhaji."

"To, to. Ba wai na ce ba ne. Bari in kira injiniya. Surajo! Kada a tada komi sai ta zo."

Yini guda inji yana kwance, wuta kuwa lafiyayya kamar gero a kaka, Jelani yana kallonta yana zaune. Da la'asar Wasila ta iso, ta canza wani ɗan fis da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, lambobin suka dawo. Alhaji ya yi hamdala kamar an ce masa mai jinya ya tashi.

Washegari Jelani ya soma abin da ya cinye masa sauran shekarar. Ya gane cewa Alhaji ya daina jin "ta yi sanyi" da "ta yi kauri", kunnensa ya koma na lamba. To, shi ma zai yi magana da lamba. Bayan ya goge ƙwai sai ya juya wa mitar baya, ya ƙura wa jan ido, ya faɗi lamba a ransa, sannan ya waiwaya. Ranar farko ya ce ɗari biyu da talatin, ita ta ce ɗari biyu da huɗu. Ya yi tsaki, ya sake juya baya. Sau goma a yini, sau ashirin, duk lokacin da ɗakin ya zama ba kowa.

Ya koyi cewa hasken gero ba ɗaya ba ne, akwai na ɗari biyu da ashirin, akwai na sha biyar. Ɓawon albasa yana farawa daga ɗari biyu ya gangara. Ya lura hasken ƙofa yana ruɗinsa da hantsi, sai ya riƙa tura ƙyaure da ƙafa kafin ya duba. Ya lura sabon ƙwai ya fi tsoho ƙarya, sai ya daina canza su sai dole. In ya kuskure da goma yakan ji kamar mitar tana masa dariya da jajayen haƙoranta. In ya matso kusa sai ya ce mata a hankali, "Kin ji ko?" Damina ta sauka, wuta ta riƙa hawa da sauka kamar ruwan gulbi, shi kuwa wannan ya fi masa, don kowace sa'a da sabon darasi. Kafin a fara yankan shinkafa, kuskurensa ya dawo biyu, wani lokaci ɗaya. Akwai ranar da ya faɗi uku duka daidai, ya fita tsakar gida ya zagaya buhuna ya dawo, ba wanda ya san abin da ya same shi.

Bai gaya wa kowa ba, ko Iklima. Yana jiran rana, kuma so yake a yi a gaban mutane.

Ranar ta zo da kaka. Alhaji ya shigo ɗakin wuta da baƙi biyu: Alhaji Waliyyu, babban ɗan kasuwar albasa na Aliero da ke gina rumbun zamani mai fankoki, da wani mai injin casa daga Maiyama. Ɗakin ya cika da ƙamshin turare da shadda. Surajo da wasu ma'aikata suka taru a ƙofa.

"Ga ta nan," in ji Alhaji Abdulwahab. "Ina kwance a ɗakina ina ganin abin da ke gudana. Ba ta barci, ba ta zuwa biki, ba ta cewa kanta na ciwo."

Baƙin suka yi dariya. Kafin su matso, Jelani ya tashi daga benci, ya shiga tsakaninsu da mitar, ya jingina bayansa da ita har ya rufe ta ruf.

"Alhaji, a yi mini izini."

"Mi ya faru, Jelani?"

"Surajo, turo ƙyauren nan."

Surajo ya dubi Alhaji, ya turo. Ɗakin ya yi duhu-duhu, sai ƙwai uku a bango. Jelani ya ɗaga kai.

"Ja, ɗari biyu da takwas. Rawaya, ɗari biyu da sha huɗu." Ya ɗan tsaya a kan na ukun. "Shuɗi, ɗari da casa'in da bakwai."

Ya matsa gefe taku ɗaya. Kawuna suka taru. Ɗari biyu da takwas. Ɗari biyu da sha uku. Ɗari da casa'in da bakwai.

"La'ilaha illallahu!" in ji mutumin Maiyama. "Malam, ido gare ka a ƙeya?"

"Sake, sake!" in ji Alhaji Waliyyu. Ya sa Surajo ya je ya kashe ƙaramin inji don wutar ta motsa, ya tsaya da kansa ya kare mitar da hularsa. Jelani ya sake faɗa. Biyu daidai, ɗaya ya kauce da ɗaya. Ma'aikatan da ke ƙofa suka ɗauki sowa.

Jelani bai dubi kowa ba sai Alhaji Abdulwahab. Fuskar Alhaji ta cika da fara'a, irin wadda Jelani ya yi wata goma sha ɗaya bai ga an yi dominsa ba. Alhaji ya matso, ya ɗaga hannu, hannun ya wuce kafaɗar Jelani ya sauka a kan akwatin wuta, ya bubbuga shi.

"Kun gani da idonku? Mutumin ga shekara sha tara ina tambaya tai, bai taɓa ce mini komi ba sai ta yi sanyi, ta yi kauri, a jira hantsi. Ni ko ban san mi nake jira ba. Shekara ɗaya ba ta cika ba da kawo mita, ga shi yana zuba lamba kamar injiniya. Alhaji Waliyyu, ba inji kaɗai take tsaro ba, har mutane take koya ma aiki!"

"Lallai abin ya kai," in ji Alhaji Waliyyu. "Biyu za a sa mini. Ba ni lambar yarinyar."

"Ni ma," in ji mutumin Maiyama. "Ina da wani tsoho a wurina, kai kamar dutse. Ko shi ma za ta gyara shi."

Aka sake dariya, Surajo ya fi kowa.

Jelani yana tsaye. Ya juya maganar Alhaji a ransa, yana neman inda ƙarya take don ya kama ta ya riƙe. Ya bi ta daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Wa ya gaya masa hasken gero ɗari biyu da ashirin ne? A gaban wa ya yi wata shida yana kai amsa ana gyara masa? Ya dubi jajayen lambobin, suna ta ɗan motsinsu, ba su san an yi wata gasa ba.

Alhaji Waliyyu ya ciro wayarsa ya ɗaga, yana ja da baya yana neman inda hoton zai fito da kyau. Ya leƙa ta gefen wayar.

"Malam, don Allah ɗan matsa kaɗan, kafaɗarka ta shigo."

Jelani ya matsa. Ya ƙara matsawa. Ma'aikatan da ke ƙofa suka buɗa masa hanya, ya ja ƙyauren, ya sunkuyar da kai ya fita.